Ɗan Ƙunshin Yaya

Tunda na buɗi ido ban taɓa jin Inna ta kira sunan Yaya ba. Shi ne ɗanta na fari, ita kuma mutuniyar da ce, irin waɗanda suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Ba ta faɗin sunansa, ba ta zama inda yake zaune, ba ta yi masa magana kai tsaye. In ya shigo gaishe ta da safe ya durƙusa a bakin ƙofa, labule take amsa wa. Idan tana da saƙo, ni ake ƙwala wa kira.

"Ke Auta, ce ma yayanki shinkahwar tuwo ta ƙare."

Yana tsaye a tsakar gida, taku huɗu ne tsakaninsu, ya ji da kunnensa, amma sai na juya na maimaita masa. Shi kuma ya ce, "Ce mata an ji." Haka na tashi a gidanmu na Argungu, ni ce bakinta, ni ce bakinsa. Da an duba halina da ba a ba ni wannan aikin ba, don bakina ba shi da linzami, kuma ban iya kai saƙo ban ƙara masa gishiri ba.

Bayan rasuwar Baba, Yaya ne ya riƙe gidan. Malamin gona ne, kullum yana kan babur tsakanin Gulma da Augie da ƙauyukan fadama, yana nuna wa manoma dashen shinkafa a layi, su kuma suna yi masa dariya suna cewa tun ba a haifi kakansa ba suke noma. Ba ya fushi. Ni ce mai fushin gidanmu, na ɗauki nawa na haɗa da nasa. A lokacin da nake ba da labari na riga na yi aure a Birnin Kebbi, ina koyarwa a wata makarantar 'yan mata, maigidana kuma yana aiki a Yauri. Amma Juma'a ba ta cika wuce ni ban je gida ba, don in ban je ba saƙonni taruwa suke yi. Matar Yaya ba ta iya aikin, kunyar surukuta ta ishe ta.

Wata shekara aka sa shi cikin waɗanda za a tura ƙasar Sin kwas na noman shinkafa. Kafin ya tafi gari ya ɗauka. Duk matar da ta shigo yi wa Inna murna sai ta bar mata ƙulli a zuciya: ai mutanen can babu abin da ba sa ci, ai ko shayinsu da man alade ake haɗawa, ai ɗan wane da ya je ya dawo ba ya salla. A cikinsu babu wadda ta taɓa wuce Sakkwato, amma kowa da labarinta. Gwaggo, ƙanwar Baba, ita ce kan gaba. Ranar tafiya Yaya ya durƙusa sallama, na tsaya a tsakiya ina jiran doguwar nasiha. Magana ɗaya Inna ta yi.

"Ce mai shi kula da abin da za shi sa ma bakinai."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ce mata an ji."

Bayan wata goma ya dawo, wandonsa sai da igiya. Da na tsokane shi cewa ko can yunwa ake yi, ya zaunar da ni a zaure ya ba ni labari. Wata uku na farko daga dafaffen ƙwai sai burodi sai farar shinkafa ba mai ba miya, don bai yarda da tukunyar kowa ba. Wata tsohuwa mai dafa abinci a masaukinsu ta lura kullum kwanonsa yana komawa yadda ya zo. Ba ta jin yarensa, ba ya jin nata. Wata Asabar ta yafito shi da hannu, suka hau bas, ta kai shi wata unguwa inda ya tarar da mahauci da farar hula, ya yi masa sallama ya amsa. Suka sayi naman tunkiya. Ta sayi sabon kasko, ta yage ledarsa a gaban idonsa don ya tabbata ba a taɓa ɗora shi a wuta ba. Ranar ta yi masa wani abinci na fulawa da ake ƙunshe nama a ciki a soya, ya ci har hawaye ya zo masa. Daga nan duk Asabar ita ce malamarsa. Sunan abincin na can ban taɓa iya faɗa ba, ɗan ƙunshi muka sa masa.

"Su nasu da naman alade suka yi," ya ce da ni, murya ƙasa ƙasa. "Ni ko ƙamshinai ban bari ya kusance ni ba. Amma ke ɗai nih hwaɗa ma, kin ji ko?"

Na ce na ji.

Ran uku ga Babbar Salla ya ce zai yi wa Inna ɗan ƙunshin. Cinyar ragon layyarta ce ta aika masa, kamar yadda take yi kowace shekara, ya ce da ita zai yi. Ya aike ni aron kaskonta na ƙarfe, mai faɗi, wanda ta zo da shi tun na aure. Ta ɗan yi tsaki, ta ce namiji da gemu a gaban murhu, sannan ta ce, "Ce mai shi ɗauka."

Na zauna a kan turmi ina kallonsa a ƙarƙashin rumfa. Ya zuba fulawa a roba, ya tsiyaya ruwan zafi yana juyawa da cokali, da ta sha iska ya sa hannu ya murza har ta yi santsi ta daina kama yatsa. Ya lulluɓe ta da jiƙaƙƙen ƙyalle ya ce ta huta. Naman bai kai inji ba, da wuƙa biyu ya dinga sara a kan katako har ya yi laushi. Ya yanka albasar Augie ƙanana ƙanana, da lawashinta, da kabeji da ya barbaɗa wa gishiri ya matse ruwan a tafin hannu. Ya daka citta da tafarnuwa da masoro, ya zuba man gyaɗa kaɗan, ya juya haɗin ta gefe ɗaya kawai. Na tambaye shi in aka juya ta ɗaya gefen aljanu ne za su fito? Ya ce in rufe masa baki.

Sai ya mulmula kwaɓin ya yi tsawo, ya gutsuttsura, ya ɗauki kwalbar lemo ya riƙa murza kowane gutsure har ya zama fai-fai kamar tafin hannun yaro, tsakiya da kauri, gefe da sirantaka. Ya ɗora nama a tsakiya, ya naɗe, ya bi bakin yana tattarewa da babban yatsa. Hannun nan da na sani da taɓon fadama da baƙin man babur, ga shi yana aikin da ko mai kitso sai ta tsaya kallo. Matarsa tana leƙe daga ɗaki tana dariya cikin mayafi.

Suyar ce ta fi ba ni mamaki. Mai kaɗan ya shafa wa kaskon, ya jera su a zagaye, gindinsu a ƙasa. Da suka fara ja sai ya ɗauki moɗa ya watsa ruwa a cikin man. Na yi tsalle na ce zai ƙona gidan. Ya kifa murfi ya ce in saurara. Kaskon ya yi ta tafasa, can sautin ya canza ya koma ƙara siririya, ya ce ruwan ya ƙone ke nan. Ya buɗe. Samansu ya yi laushi yana sheƙi, ƙasansu ya yi ja yana ƙaras ƙaras. Ya ba ni ɗaya, romon ciki ya ƙona mini harshe, ban fasa haɗiyewa ba. Ya zaɓi masu kyau ya jera a farantin tangaran, ya sa yaji da ruwan tsamiya a gefe, ya goge bakin farantin da gefen rigarsa.

"Kai mata. Kak ki ce komi, ki aje kawai."

Inna tana kan tabarma a ƙofar ɗakinta, Gwaggo ta zo yawon salla tana gefenta. Na durƙusa na ajiye. Inna ta duba, ta yi bisimilla, ta ɗauki ɗaya, ta dangwali yaji. Wallahi har ta kai shi bakinta. Sai Gwaggo ta taɓe baki ta ce, "Mi a wanga kuma? Abincin Yahudu ko na Nasara?"

Wata goma ina cike da matar nan. Na ga dama ta samu in tsorata ta mu yi dariya. Na ce, "Ci mana, Gwaggo, abincin Sin na. Can da naman alade aka yin shi, yau ga ki ga shi."

Ban rufe baki ba na san na yi ɓarna. Gwaggo ta saki salati, ta tofar da yawu ko taɓawa ba ta yi ba, tana cewa ai ta faɗa, ai ta faɗa. Na shiga rantse-rantse, naman layya ne, ragon Inna ne, a gabana aka yi, wasa nake yi. Inna ba ta dube ni ba. A hankali ta mayar da wanda ke hannunta cikin faranti, ta goge yatsunta a tabarma.

"Ɗauke," ta ce.

Na koma rumfa da farantin a cike. Yaya yana tsaye da cokalin suya a hannu, ya ji komai, tsakar gidanmu ba ta da girman da za ta ɓoye magana. Duk da haka ya tambaya.

"Ba ta ci ba?"

"Ba ta ci ba."

Ya ce, "To." Ya janye itacen daga murhu ya yayyafa masa ruwa. Da ya zage ni, ko ya mare ni, da na fi samun sauƙi. Bai taɓa tayar mini da maganar ba har ya bar duniya.

Da yamma Inna ta ɗauki kaskonta ta kai bakin rijiya. Ba ta sa kowa ba, da kanta ta tsuguna ta wanke shi sau bakwai, tana dirza shi da ƙasa, kamar yadda ake yi wa kwanon da kare ya sa wa baki. Muna jin ƙarar yashi a kan ƙarfe har cikin ɗakuna. Da Gwaggo ta tafi na shiga wurinta da zafina, na ce wannan wace irin fitina ce, naman ragonta ne fa.

"Naman nau na, na sani," ta ce. "Hannun da yaj juya shi hwa? Wurin wa yak koya? Mi yat taɓa can, mi yal lasa?"

A nan na gane ba abincin take tuhuma ba. Magana ɗaya ta yi masa da zai tafi, kuma yanzu ba ta da tabbacin ya riƙe. Ba za ta iya tambayarsa ba, shi kuma ba zai iya zuwa ya zauna a gabanta ya wanke kansa ba. Ni ce hanyar da ke tsakaninsu, kuma ni na toshe ta. Wannan saƙon ban kai masa ba, amma ba ya bukatar a kai. Daga ranar, in ya kawo buhun shinkafa ko ɗanyen kifi ta karɓa ta sa albarka. In ya sayo tsire ko ƙosai ya miƙo da hannunsa, sai ta ce a ba jikoki. Yana gani. Mutumin da ya yi wata uku yana cin ƙwai da burodi don maganarta, ga shi ana kauce wa hannunsa a gidan ubansa.

Na ce masa ya ɗauki Alƙur'ani ya je ƙofar ɗakinta ya rantse, a wuce wurin. Ya girgiza kai.

"Ɗa ba shi rantsuwa ga uwatai, Auta. Ni dai ta ci sau guda daga hannuna. In ta ci, na san ta yarda."

Bai sake yin ɗan ƙunshi a Argungu ba. In aiki ya kawo shi ma'aikata a Birnin Kebbi sai ya biyo gidana da ledar fulawa rataye a babur, ya tuɓe babbar riga ya shiga kicin. 'Ya'yana suka saba, da sun ji ƙarar babur sai su fara tsallen Kawu ya zo. Ya yi ƙoƙarin koya mini, nawa kullum ko su fashe a kasko ko su fito kamar an taka. Yakan ce hannuna irin bakina ne, gaggawa ta yi masa yawa. Muna ci muna dariya, amma na lura ko yaushe sai ya ware masu kyau a gefen faranti, ya daɗe yana dubansu kafin ya tura wa yara. Haka muka yi shekara ɗaya da rabi.

Wata Juma'a da damina ina zaune da Inna muna tsinke zogale. Babu kowa sai mu biyu. Can, ba ta ɗago kai ba, ta ce, "Abin nan na ranar salla. Albasar ɗanya aka sa mai, ko sai an soya ta?"

Da ina da hankali da na ajiye zogalen na yi hamdala. Amma ni haushin shekara ɗaya da rabi ne ya taso mini, haushinta da haushin kaina, na rasa wanda ya fi. Na ce, "Ina ruwanki da shi, Inna, tunda ƙazanta na?"

Ta ci gaba da tsinke ganye har muka gama, ta tashi ta yi alwala.

Sai bayan sati biyu na ba Yaya labari, shi ma a matsayin ƙorafi, wai ka ji tsohuwar nan da neman magana. Yana shan shayi a falona. Ya ajiye kofin.

"Yaushe tac ce haka?"

"Sati biyu ke nan."

"Auta! Tun kina tatata kike kai saƙo tsakaninmu, har yau ba ki san saƙo ba in kin gane shi?"

Ban taɓa ganin fuskarsa ta yi haske irin na ranar ba. Ya tashi ya zauna, ya sake tashi. Ya ce in maimaita masa maganar yadda ta faɗa, kalma da kalma, ban da gishirina. Na maimaita sau uku. Ya ce to, mace irin Inna ba za ta taɓa cewa a kawo mata ba, iyakar abin da za ta iya ke nan, kuma ta yi.

Ranar Asabar da sassafe sai ga shi. Ya tsaya a kan mahauci aka yanka rago a gabansa, ya sayo sabon kasko da ledarsa. Bai bar ni na taɓa komai ba, ko albasa. Ya yini a kicin, duk wanda bai yi masa kyau ba ya ware wa yara. Waɗanda ya zaɓa ya jera su ɗanye a tire da ya barbaɗa wa fulawa, ya rufe da leda, ya sa a firiza da hannunsa. Ya tsara mini komai. Ranar Juma'a in sa su a kula da ƙanƙara in tafi da su gida. In yage ledar kaskon a gabanta. Suyar ba wuya, wannan na iya. Shi kuma zai tafi Gulma ya yini, don kada ta ji nauyin ci yana gida.

"In ta tambaya, ki ce ni nin naɗe su. In ba ta tambaya ba, ki yi shiru. Don Allah, Auta, wanga karo ki yi shiru."

Na ce ya kwantar da hankalinsa.

Juma'ar farko jarrabawa ta riƙe ni, takardu sun kai mini wuya, na ce sai ta sama. Ta biyu aka yi bikin ƙanwar wata abokiyar aikina, na riga na ɗinka anko. Ya kira ni a waya, bai yi faɗa ba, ya ce dai, "Suna nan lahiya ko?" Na ce suna nan daram, ƙanƙara ta kama su, ina za su je? Na yi masa alkawarin Juma'a mai zuwa ko ana ruwan duwatsu. A raina ina ganin abin da ya jira shekara ɗaya da rabi, sati guda ba zai rage shi da komai ba.

Ranar Talata ina cikin aji aka kira ni. Yaya yana dawowa daga Augie ana yayyafi, wata motar ɗaukar kaya ta kauce wa rami ta same shi. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Ban san yadda na kwaso yara na kulle gida na hau mota ba. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa.

Zaman makoki Inna ba ta yi kuka a gaban mutane ba, uwa ba ta kukan ɗan fari a bainar jama'a. Tana zaune da carbi, mata suna shigowa suna fita, ana cewa kai, wannan baiwar Allah akwai haƙuri. Ni da na san ta na ga tuwon da ake kai mata yana dawowa ba a taɓa ba. Gwaggo kuwa ta fi kowa kururuwa, tana faɗin yaron kirki ne, ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Na buɗe baki zan yi magana, na tuna wanda ya roƙe ni in yi shiru, na fita bayan gida na zauna.

Kwana goma sha biyu na yi a Argungu. Ko sau ɗaya firiza ba ta faɗo mini a rai ba, wannan ita ce gaskiya. Da na dawo Birnin Kebbi, tun daga bakin ƙofa wari ya tare ni. Maƙwabciyata ta ce washegarin tafiyata aka yi iska mai ƙarfi, taransifomar unguwa ta ƙone, har yau ba a gyara ba. Na ɗaure hanci da ɗankwali na buɗe. Nama, kifi, kayan miya, duk sun narke sun zama abu guda. Tiren yana sama inda ya ajiye shi. Na ɗaga ledar. Sun saki, sun manne da juna, sun yi kore da baƙi, amma a wasu har lokacin ana ganin tattarar bakin, inda yatsansa ya bi. Na daɗe a tsaye. Sannan na ɗauka na kai bola a bayan layinmu na juye, na dawo na wanke firizar da omo da ruwan zafi. A ƙasan kicin ɗin na yi kukan da ban yi a Argungu ba. Ban faɗa wa kowa ba, ko maigidana.

Bayan sadakar arba'in aka aiko mini cewa Inna za ta zo ganin likitan ido. Na yi mamaki, don tunda aka kawo ni gidan nan sau ɗaya ta taɓa taka shi, ranar sunan ɗiyata ta biyu, kuma ba ta kwana ba. Na tare ta a tasha, muka hau keke mai ƙafa uku zuwa gida. Ta rame, zanenta ya yi mata yawa. Ta ƙi kujera, na shimfiɗa mata tabarma a falo. Na kawo ruwa da fura, ta kurɓi ruwan kawai. Na tambaye ta ƙarfe nawa likitan ya ce, ta yi kamar ba ta ji ba. Sai da ta yi la'asar ta shafa addu'a, ta kori yara waje, sannan ta yi magana tana kallon carbinta.

"Matatai ta ce min ya bar ajiya wurinki."

Na ce, "Wace ajiya, Inna?" alhali na sani.

"Ta ce shi yan naɗe su da hannunai. Ta ce nawa na." Ta ajiye carbin. "Tashi ki soya. Ban ci komi ba tun sahe."

Na yi tunanin ƙarya. Akwai fulawa a gidan, sabon kaskon yana nan da ledarsa, zan iya cewa ta ba ni awa ɗaya. Amma na riga na ɓata saƙo biyu a tsakaninsu, ban iya ƙara na uku ba. Na durƙusa a gabanta na faɗa mata komai. Ranar da ya zo, yadda ya yini, abin da ya tsara, Juma'a biyu da na ɗaga, jarrabawa da biki, wutar da ta lalace. Ban rage ba, kuma karon farko a rayuwata ban ƙara ba. Ta saurara har na kai ƙarshe.

"Ya san na tambaya?"

"Ya sani, Inna. Na hwaɗa mai."

"Mi yac ce?"

"Murna yay yi. Ban taɓa ganin ya yi murna irin ta ran nan ba."

Ta gyaɗa kai a hankali. Na ɗauka shi ke nan. Sai ta ce, "Ina kiz zuba su?"

Na ce bola. Ta dafa ƙasa ta miƙe, ta ja mayafinta, ta ce in kai ta. Na ce Inna wata guda ke nan, ruwa ya yi ta sauka a kai, babu abin da za ki gani. Ta riga ta kai ƙofa. Muka bi ta bayan layi, tana tafiya a hankali tana kauce wa kwata, maƙwabta suna gaishe ta tana amsawa. A bolar babu komai sai ledoji da toka da awaki biyu suna tono. Ta tambaye ni ta wane gefe, na nuna mata da hannu. Ta tsaya tana duban wurin har aka fara kiran magariba a masallacin unguwa.

"Da kin kawo min su hakanan," ta ce. "Da ruɓewarsu. Wallahi da na ci."

Na kama hannunta muka koma gida. Na tuƙa mata tuwon shinkafa da miyar kuka, irin yadda take so. Ta wanke hannu, ta jawo kwanon gabanta, ta zauna a kansa har ya huce.